Kwalba Ta Uku

Margret ta miƙa hannunta na hagu a kan tebur, ta juyar da kai wajen taga. Malama Habibat ta ɗaure mata damtse da igiyar roba, ta ƙwanƙwasa jijiyar da yatsa sau biyu.

"Ke da kike tatsar kwaɗi kullum, allura ce za ta ba ki tsoro?"

"Ba tsoro ba ne, Malama."

"To daina rawar hannu. Jijiyar taki ma kamar zaren ɗinki."

Jinin ya hau sirinji a hankali. Shekara goma sha tara Malama Habibat ta yi tana kula da ɗakin gwaje-gwaje na sashen nazarin ƙwayoyin cuta a jami'ar, kuma dokarta ce ba a ɗibar jinin ɗalibi sai da takarda. Ranar nan ba ta tambayi takarda ba.

Laraba ce, ƙarfe tara da 'yan mintoci na safe. Gobe Alhamis sunan mahaifin Margret, Kalibu, yana cikin jerin waɗanda za a shiga da su tiyata. Za a yanke masa ƙafar dama, ƙasa da gwiwa, idan ya sa hannu a takarda. Bai sa ba tukuna.

A farkon damina fartanya ta sare shi a babban yatsa, a gonarsa ta Mayo Bani. Yana da ciwon suga, bai sani ba. Ya yi abin da kowa yake yi: ya sayi kafso ja-da-yalo a kemis, ya buɗe, ya barbaɗa garin a kan ciwon, ya ɗaure da tsumma, ya koma noma. Da bai warke ba sai ya canza launin kafso. Haka ya yi wata uku. Sa'ad da aka kawo shi asibiti a Mubi, takardar gwaji ta jera magunguna tara, takwas daga ciki ƙwayar cutar ba ta jin su. Na taran an yi kwana goma sha biyu ana ba shi ta jijiya, gyambon bai daina hawa ba.

Ita kuwa Margret, shekara biyu ke nan tana aikin digirinta na biyu a kan fatar kwaɗo. Kwaɗon ruwa yana rayuwa cikin laka da ƙazanta, amma da wuya ka ga ciwonsa ya ruɓe. Dalili shi ne fatarsa tana fitar da wasu ƙananan sinadarai da ake kira feftaid, waɗanda suke manne wa ƙwayar cuta su huda bangonta, ta fashe. Mutum ma yana da irin nasa, a yawu da gumi da hawaye. Aikinta shi ne ta kamo kwaɗin, ta shafa bayansu har su fitar da ruwan, ta wanke shi cikin kwalba, ta mayar da su rafi, sannan ta tace, ta busar. Abin da ta tara a shekara biyu bai cika rabin cokalin shayi ba.

Kwana shida da suka wuce ta yi abin da ba ya cikin tsarin aikinta. Ta goga auduga a gyambon mahaifinta, ta shuka ƙwayar cutar a faranti, ta ɗiga feftaid ɗinta a tsakiya. Washegari farantin ya rufe da ƙwayar cuta kamar kindirmo, sai inda ɗigon ya sauka: da'ira fes, mai faɗin kwabo, babu abin da ya tsiro. Ta ɗauki hoto. Ba ta yi niyyar nuna wa kowa ba. Amma yayanta Tizhe ya same ta tana kallon wayar a barandar asibiti, ya tambaya, ita kuma ba ta iya ƙarya da sauri ba.

Kafin magariba labari ya kai Mayo Bani cewa Margret ta samo maganin ƙafar babanta. Shi ya sa Kalibu bai sa hannu ba. Ya ce wa likita zai jira abin da 'yarsa za ta faɗa.

Malama Habibat ta wanke jinin, ta ware jajayen ƙwayoyinsa, ta raba su cikin ƙananan kwalabe uku. A ta farko ta zuba ruwan gishiri, wanda ba ya yi wa jini komai. A ta biyu ta zuba ruwan sabulun lab, wanda yake fasa kowace ƙwayar jini. A ta uku Margret ta ɗiga feftaid ɗinta, daidai ƙarfin da ya kashe cutar a faranti. Suka sa su a akwatin ɗumi, mai zafin jikin mutum.

"Awa ɗaya," in ji Malama Habibat. "Ki roƙi Allah kada a ɗauke wuta, don mai janareta ya tafi jana'iza Maiha."

Margret ta zauna a kan kujera marar baya, tana danne auduga a gwiwar hannu. Wayarta ta yi ƙara. Tizhe ne. Ta bar ta ta katse. Ta sake yi. A karo na uku ta ɗauka.

"Magi, kina ina?"

"Ina makaranta, Broda."

"Makaranta. Likita ya zo sau biyu da takarda nan. Ki kawo abin kawai mu shafa, mene ne wahala a ciki?"

"Ina gwada shi tukuna."

"Ba kin gwada ba? Ba ni na ga hoto da idona ba?"

"Wancan gwaji dabam. Wannan dabam."

"Ku 'yan boko, gwaji bai ƙarewa. Kafin ku gama gwaji mutum ya zama gurgu." Ya kashe.

Malama Habibat tana goge gilasai, ta yi kamar ba ta ji ba. Can ta ce, "Na taɓa samun ɗalibi da ya kashe ƙwayar cuta da kananzir. Da'irarsa ta fi taki faɗi."

Margret ba ta yi dariya ba. Malama Habibat ma ba ta jira ta yi ba.

Ba a ɗauke wuta ba. Da awa ta cika suka sa kwalaben a injin da ke wulwula su, ya yi gurnani na minti biyar, ya tsaya. Margret ce ta buɗe murfin. Ta ɗaga kwalabe ukun wajen hasken taga.

A ta farko ƙwayoyin jinin sun kwanta a ƙasa, ɗan dunƙule ja, ruwan sama kuma fari tas. A ta biyu babu dunƙule, ruwan duka ya yi ja kamar zobo. Ta daɗe tana kallon ta uku. Akwai ɗan abin da ya kwanta a gindinta, bai kai ƙwayar gero ba. Sauran zobo ne.

"Wataƙila na yi kuskure a awo," ta ce.

"Ina tsaye kika auna."

"Idan aka rage ƙarfinsa..."

"Kin rage a faranti ranar Asabar. Me ya faru?"

"Da'irar ta ɓace."

"To." Malama Habibat ta ajiye tsumman hannunta. "Abinki yana huda bango, Margret. Bai san bangon wa yake hudawa ba. Akwai masu zama shekara goma suna canza masa ƙwaya ɗaya-ɗaya har ya koyi bambanta mu da cutar. Naki ɗanye ne, jiya ya fito daga bayan kwaɗo."

"Amma ba sha zai yi ba, Malama. Ba allura ba ce. Shafawa ce a sama. A littattafai akwai waɗanda ake..."

"Akwai. Ban ce babu ba. Hoton ƙafar me ya nuna?"

Margret ta sunkuyar da kai. "Ya shiga ƙashi."

"Zazzaɓi fa?"

"Tun Litinin."

Malama Habibat ta juya ta buɗe firij tana gyara jerin kwalabe da ba su bukatar gyara. Margret ta toshe bakin kwalabe ukun, ta naɗe su cikin safar hannu ta roba, ta sa a jaka. Fitar da jini daga ɗakin ma doka ta hana. Malama Habibat ba ta juyo ba sai da ta ji an rufe ƙofa.

Keken da ta hau ya maƙale a bayan tirelolin shanu, don ranar kasuwa ce. An yi ruwa da asuba, hanya duk taɓo. Matar da ke gefenta tana riƙe da kaji biyu a ɗaure, tana faɗa da direba a kan ya bi ta lungu. Margret ta rungume jakarta. Tana lissafi a zuci. Idan aka shafa yau, ba za a ga canji ba sai bayan kwana uku ko huɗu. Likita ya ce bayan kwana uku ko huɗu ba ƙasa da gwiwa za a yi magana ba, sama da gwiwa ne, in ma cutar ba ta riga ta shiga jini ba. Ta sake lissafin daga farko, kamar wata amsa za ta fito. Amsar ɗaya ce, sai dai akwai wani ɗan gurbi a cikinta wanda ba ta iya rufewa: ba wanda ya taɓa gwadawa, don haka ba wanda zai rantse cewa ba zai yi ba.

Ta sami Tizhe a bakin ɗakin maza, zaune a kan dakali, da bokiti a tsakanin ƙafafunsa an rufe da buhu. Wandonsa ya jiƙe har cinya. Sista Tabitha, mai kula da ɗakin, tana tsaye a ƙofa ta riƙe ƙugu.

"Yawwa, ga 'yar boko," in ji sistar. "Zo ki gaya wa yayanki nan asibiti ne, ba gidan zu ba. Shekara ashirin ina aiki, an shigo mini da rubutu, an shigo da man shafawa na fasto, an shigo da kitsen damo. Yau ne na fara ganin kwaɗi."

"Ba ki kawo naki ba, na kawo nawa," in ji Tizhe, bai kalli sistar ba. "Tun da na kashe waya ina bayan gidan Baba Dawuda ina kamawa. Goma sha ɗaya. Ki nuna mini yadda ake matsawa kawai."

Margret ta ɗaga buhun. Suna can a cunkushe, masu kauri, masu ƙuraje a baya, suna lumshe ido.

"Broda, waɗannan na tudu ne."

"Kwaɗo kwaɗo ne."

"Nawa na ruwa ne, masu santsi. Waɗannan farin ruwan da ke bayan kunnensu dafi ne. Kare ya ciji ɗaya, kumfa yake yi. In ka sa a buɗaɗɗen ciwo zai iya taɓa zuciya."

Tizhe ya kalli bokitin, ya kalle ta. "To kawo na ruwan. Yana ina? Ko kina ajiye shi ne don takardarki? Ki faɗa mini gaskiya, Magi. In ya ƙare ba za su ba ki digiri ba, ko?"

Margret ta sa hannunta cikin aljihun siket.

"Ku shiga ku yi a gabansa," in ji Sista Tabitha. "Ƙafarsa ce. Bokiti kuma ya tsaya nan."

Gadon Kalibu shi ne na ƙarshe, kusa da taga. An ɗora ƙafar a kan matashi, an naɗe da bandeji wanda ya riga ya jiƙe. Warin ya saba wa kowa a ɗakin, sai baƙo. Ya rame, amma hannuwansa suna nan yadda suke, manya, masu kanta. Takardar tiyata tana kan akwatin gefen gado, an danne ta da kofi.

"Masi," ya ce. Shi kaɗai yake kiranta da sunan gida, sunan da ƙabilarsu, Kamwe, suke ba 'ya mace idan ita ce haihuwa ta biyu. "Kin ci abinci?"

"Na ci, Baba."

"Ƙarya. Zauna."

Ta zauna a bakin gado. Tizhe ya tsaya a ƙafar gadon ya harɗe hannu. Ta buɗe jaka, ta warware safar, ta jera kwalabe ukun a kan akwatin, kusa da kofin. Girgizar keke ta ɗan motsa su, amma ana gani.

"Wannan jinina ne, duka uku," ta ce. "Na safe."

"Naki?" Kalibu ya kalli hannunta, ya ga audugar da aka manne. "Wa ya ce ki yi?"

"Haka ake yi, Baba. Wannan ta farko, ruwan gishiri na sa. Ka ga jinin ya kwanta lafiya, ruwa ya tsaya fari. Haka jini mai rai yake. Ta biyu sabulu na sa da gangan, don in ga yadda yake idan ya mutu duka. Ta uku ita ce maganina."

Ya miƙa hannu. Ta ba shi ta farko da ta uku, ya ɗaga su wajen taga, ya runtse ido ɗaya. Sannan ya ajiye ta farko ya ɗauki ta biyu, ya haɗa da ta uku. Ya daɗe yana kallo.

"Wannan da wannan uwa ɗaya uba ɗaya," ya ce.

"E, Baba."

"Amma ya kashe ciwon a faranti," in ji Tizhe. "Ki gaya masa. Na ga hoto."

"Ya kashe."

"To!"

"Faranti ba shi da jini, Broda."

Kalibu ya mayar da kwalaben. "Kamar maganin ciyawa ne," ya ce wa Tizhe. "Wanda ka fesa bara a gonan wake. Ciyawa ya mutu?"

Tizhe ya kawar da kai.

"Ya mutu ƙwarai. Wake ma ya bi shi," in ji Kalibu.

Mutumin gado na kusa, wani tsoho da aka yi wa aikin gwaiwa, ya yi dariya har ya riƙe ciki. Tizhe ya ce wannan dabam ne, ai ba a gaya masa akwai na wake akwai na masara ba. Ba wanda ya kula shi.

"Masi," in ji Kalibu. "Bar kwalba. Ni ban yi makaranta ba, amma ke na sayar da shanu biyu kika yi. In an shafa, ba zai yi ba sam?"

Wannan ce tambayar da ta yi ta gudu tun cikin keke. Ta kalli bandejin.

"Ban sani ba, Baba. Zai iya kashe na sama. Zai iya cinye naman da ya rage. Amma ciwon yana cikin ƙashi, shafawa ba ta kai can. Kuma kafin mu gane ko ya yi ko bai yi ba, kwana huɗu sun wuce."

"Kwana huɗu ba shekara ba ne," in ji Tizhe.

"Likita ya ce babu kwana huɗu."

"Likita ya ce. Ke me kika ce?" Kalibu ne ya tambaya. Muryarsa ba ta canza ba, kamar yana tambayar ko a fara shuka.

A waje wani yana tura keken marasa lafiya mai ƙara. Sista Tabitha ta shigo, ta tsaya nesa kaɗan, tana duba ledar ruwan wani. Margret ta san idan ta ce a jira, za a jira, kuma Tizhe zai rungume ta, kuma Mayo Bani duka za su ce 'yar Kalibu ta gwada. Idan ta faɗi ɗayar, duk ranar da aka ga mahaifinta da sanda za a tuna cewa tana da magani a firij ta hana.

"A yanke, Baba," ta ce.

Tizhe ya juya ya fita. Sun ji ƙarar bokiti da ya yi ƙwallo da shi, sannan ihun wata mata a baranda, sannan muryar Sista Tabitha tana bin sa da faɗa tana cewa sai ya tsince su ɗaya-ɗaya, goma sha ɗaya, ta ji adadin da kunnenta.

Kalibu ya ɗauke kofin daga kan takardar. "Karanta mini. Duka. Kada ki tsallake."

Ta karanta da Turanci, tana fassarawa layi-layi. Ya saurara ido a rufe. Da sistar ta dawo tana haki, ta kawo tawada, ya dangwala babban yatsa a inda aka nuna masa. Margret ta sa hannu a layin shaida. Sistar ta hura takardar, ta ce kada ya ci komai daga sha biyun dare, ta tafi da ita.

Kalibu ya goge yatsan a jikin zanen gado, shuɗin bai fita ba.

"In sun cire, ina suke kai shi?" ya tambaya.

"Suna ba 'yan uwa. A binne."

"To Tizhe zai binne. A bayan rumbu, ba a gona ba, kada garma ya tono." Ya yi ɗan tari. "Zai huce. Shi ya ɗauko ni a baya daga gona har titi, shi ya sa."

"Na sani, Baba."

"Wannan abin da ke ciki, da ya ƙi magani tara. Kuna da irinsa a makaranta?"

"Ba mu da mai taurinsa. Wanda na shuka ma ya fara lalacewa, farantin ya sha iska."

"To kafin ki ba Tizhe, ki ɗebi naki. Na cikin ƙashin, ba na sama ba. In kin gyara maganin, da wa za ki gwada in ba da shi ba?"

Ya juya fuska wajen bango, yana gyara kwanciya.

Margret ta fita baranda. Tizhe yana can ƙarshenta a durƙushe, yana leƙa ƙarƙashin benci da tsinke a hannu, mata biyu sun ɗage ƙafafu suna nuna masa wajen. Ta tsaya ta jingina da ginshiƙi. Ta jira kuka ya zo, bai zo ba. Abin da ya zo shi ne cewa za ta bukaci kwalabe huɗu masu murfi, da ƙanƙara, da izinin likitan tiyata a rubuce, kuma dole samfurin ya isa lab cikin awa biyu.

Ta ciro waya ta kira Malama Habibat.

"Malama, gobe ƙarfe nawa za ki buɗe?"